Tutar da Ta Fi Ƙarfin Valdeurz

Sandar tutar garin Valdeurz ba ta shiga coci. Ta fi ginin tsawo, don haka a waje take kwana, a jikin bangon arewa, bisa ƙugiyoyin ƙarfe a ƙarƙashin bakin rufi. Duk wanda ya bi ta wurin zai ga inda launin itacen ya canza can wajen kai, inda aka haɗa tsohon itace da sabo aka ɗaure da zobban ƙarfe. Mutanen gari suna kiran wannan ɓangare ƙarin Argimiro. Shi kuwa Argimiro, har ya tsufa ya fara jan ƙafa, bai taɓa wuce bangon nan bai ɗaga kai ya dubi zobban ba, kamar mai taɓa haƙori da harshe ya ji ko yana nan.

An haife shi a shekarun yunwar da suka biyo bayan yaƙin basasa. A lokacin kowane gida a Valdeurz hayaƙi na tashi a bututunsa, makaranta cike take da yara masu majina, tumaki kuwa in suka sauko daga dutse sai an ja ƙofofi. Ubansa, Evencio, shi ne mai ɗamara. Ɗamarar fata ce mai faɗi, da ƙugiya a gaba inda gindin sanda yake zama. Wanda take ƙugunsa shi ke ɗaukar tutar gari ranar bikin Budurwa Maryamu a ƙarshen Agusta, sa'ad da ƙauyukan kwarin suke hawa dutse zuwa ƙaramin cocin da ke can bisa, kowanne da tutarsa. Ɗamarar ba gadon ɗan fari ba ce. Mai ita yakan miƙa wa wanda ya ga ya fi iyawa, ɗansa ne ko ɗan maƙwabci, kuma ba a yi masa gardama.

Tutar jan alharini ce mai ratsin kore, faɗinta ya isa a rufe ɗaki. Tsofaffi sun ce kowane ratsi yaƙi ne da kakanni suka ci a bayan wani sarki, sai dai ba wanda ya taɓa kawo sunan sarkin. Saturio mai mashaya, sa'an Argimiro, yakan ce ratsin nan ba komai ba ne face ƙararrakin da aka ci a kotu kan makiyayar da ke tsakaninsu da Sotomera, ƙauyen tsallaken rafi. Ya kuma fi tsofaffin kama da mai gaskiya.

'Ya'yan Evencio maza biyu ne. Argimiro ne babba, ƙirji kamar ƙofar rumbu, yana ɗaga ɗan maraƙi ya saɓa a wuya. Eutimio ƙarami, siriri, wando ba ya zama a ƙugunsa sai da igiya. Amma tuta ba ƙarfi kaɗai take so ba. In an ara wa Eutimio ɗamara a masussuka ranar Lahadi, yakan saki hannuwansa duka biyu ya mayar baya, ya riƙa taka 'yar rawa da ƙananan taku, sandar na tsaye kamar a ƙugunsa ta tsiro. Yana jin iska tun ba ta iso ba. Argimiro kuwa ɗauka yake irin ta mai dakon buhu. Ba ta faɗuwa, ba kuma wanda ke tafi.

Evencio ba mai yabo ba ne. Iyakarsa, in Eutimio ya fara rawar nan, uban ya cire taba daga baki ya manta bai mayar ba har ta ƙone masa yatsa. Argimiro ya yi ta jiran ranar da za a cire masa tabar nan shi ma. Ba a cire ba.

Shekarar da gwiwar Evencio ta fara ba shi wahala, har kowa ya san ɗamara ta kusa sauya ƙugu, mutanen Sotomera suka zo biki da sabuwar sanda wadda ta ɗara ta Valdeurz da ɗan abin da bai wuce tafin hannu ba. Suka wuni suna ba'a.

"Ku ara mana taku mu riƙa korar ƙudaje a garke!"

Da aka buga ƙararrawar taron gari a ƙofar coci, Argimiro, wanda bai taɓa buɗe baki a taro ba, ya miƙe.

"Tafin hannu suka fi mu. Mu kuma mu ƙara wa tamu tsawon gaba guda da rabi, mu ga uban da zai kamo mu."

Wuri ya kaure da shewa. Eutimio ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Yaya, gaba da rabi a can sama ba gaba da rabi ba ne a ƙugu. In iska ta kama kan sandar nan, ba mai tsayar da ita."

"In tsoro kake ji ka faɗa mana, ɗan autan Mama. A ɗinka maka 'yar ƙarama ka riƙa yi wa 'yan mata rawa."

Aka kwashe da dariya. Evencio ya dubi babban ɗansa, dogon kallo.

Har ƙarshen rayuwarsa Argimiro cewa yake don Sotomera ya yi. Ya faɗa a mashaya, ya faɗa wa baƙi, ya faɗa wa kansa har maganar ta zauna masa. Amma mutumin da ya goya ƙanensa ya ƙetare rafi da shi ya san nauyin ƙanen nan sarai. Ya san sandar da aka yi wa ƙari irin wannan ta daina neman mai rawa, jiki mai nauyi take nema, kuma duk Valdeurz mutum ɗaya ne ke da wannan jikin. Shi da kansa ya ɗauki gatari ya tafi neman itacen ƙarin. Ga itatuwa marasa nauyi jere a bakin rafi, irin waɗanda aka saba yin sandar tuta da su, ya wuce su ya hau dutse ya saro mai tauri, wanda ko a ruwa aka jefa shi da ƙyar zai taso.

Duk da haka, da biki ya zo, Eutimio uban ya ɗaura wa ɗamara. Argimiro aka ba shi igiya. Igiyar daga kan sanda take saukowa, mai riƙonta yana tafiya ta ɓangaren da iska ke fitowa, yana ja yana sassautawa. Tuta a ƙugun mutum ɗaya take zaune, amma ranta a hannun mai igiya yake.

Eutimio ya hau dutsen da ita. Babu rawa, babu sakin hannu, jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar saiwoyi, amma ya kai. A ƙofar ƙaramin cocin kowace tuta takan sunkuya ta gaida Budurwa, ta yi ƙasa har alharinin ya kusa lasar ciyawa sannan ta miƙe. Taɓa ƙasa abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Eutimio ya fara sunkuyar da ita. A daidai nan Argimiro ya hango iska tana tahowa daga mashigin dutse, ya ga ganyayen bishiyoyi suna juya farin cikinsu sama, bishiya bayan bishiya. Bai saki igiya ba. Ko a gaban Allah zai iya rantsewa bai saki ba. Ya dai ja a makare, da kamar numfashi guda.

Tutar ta kife a cikin ƙura a gaban ƙauyukan kwarin duka, ɗan giciyen da ke kanta ya tanƙware, Eutimio ya faɗi a kan gwiwoyinsa.

"A kawo tsintsiya ne?" in ji wani ɗan Sotomera. "A'a, bar shi, Valdeurz sun share mana!"

Eutimio ya kwance ɗamarar ya ajiye a gaban ubansa. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka ya tafi birnin Bilbao aikin narka ƙarfe. Wata safiya Evencio ya jefa ɗamarar a kan tebur kusa da burodin Argimiro, ya fita wajen tumaki. Bai sake hawa dutse ranar biki ba. Ya ce gwiwa ce.

Argimiro ya ɗauki tutar shekara da shekaru, ba ta taɓa faɗuwa a ƙugunsa ba. Tana tafe ta fi kowace tuta a kwarin, ana nuna ta da yatsa daga nesa, an san Valdeurz ce. Ya auri Ubaldina, mace mai ƙarancin magana da kaifin allura, wadda ta zama mai ɗinke alharinin duk inda ya yage. Allah bai ba su haihuwa ba. Yana tafe da tutarsa garin yana zubewa a bayansa. Samari suka bi Eutimio Bilbao, wasu Suwizalan, wasu Jamus. Aka rufe makaranta aka zuba hatsi a ciki. Tandun burodi ya yi sanyi. Limamin coci ya koma zuwa sau ɗaya a wata, a gurguje, ba ya ko kashe motarsa sosai.

Sotomera ce ta riga mutuwa. Tsohuwar da ta rage a can 'yarta ta zo ta ɗauke ta, alharinin tutarsu aka kai gidan ajiye kayan tarihi a birnin León, sandar kuma wani ya tokare rufin garke da ita. Argimiro ya ƙetare rafi ya je ya gani da idonsa. Ya zaci zai ji daɗi. Ya dawo ya zauna a bakin murhu bai cire takalmi ba.

Ubaldina ta ajiye masa miyar wake da busasshen nama, ta ce, "To, Miro, yanzu wa ka fi?"

Ya jawo kwanon gabansa. Ba da daɗewa ba bayansa ya riƙe, ranar da ya gwada ɗaga sandar a masussuka sai da aka kai shi gida a kan amalanke. Aka nemi wanda zai karɓa. Waɗanda suka rage ba mai jikin, 'yan hutun Agusta kuwa suna ganin tsawon sandar su yi dariya su koma mashaya. Aka ninke alharinin aka sa a akwati da kafur. Bikin ya ci gaba da zuwa yana wucewa, mutanen Valdeurz suna hawa dutse a bayan tutocin wasu kamar marayu a gidan suna. Ɗamarar tana rataye a garken Argimiro, yana shafa mata kitse duk kaka.

Ana nan sai Nieves, wadda ta yi aikin jinya a birni ta dawo gidan iyayenta, ta zama magajiyar gari. Ita ce ta gano cewa Valdeurz ba ta da tambari irin na sauran garuruwa, ta yi ta zirga-zirga har hukumar lardi ta amince da guda. Wani mai zane a León ya tsara shi daga wani tsohon hoto: rago a ƙasa, gadar rafi a tsakiya, jar tuta a sama da doguwar sandarta. Aka sassaƙa a dutse, za a kafa a saman ƙofar ofishin gari ranar biki.

"Rago an samu, gada an samu," in ji Saturio da ya ga zanen. "Mutane ne mai zanen ya rasa, shi ma bai yi ƙarya ba."

Nieves ta ce abin kunya ne tuta ta tsaya a dutsen ƙofa alhali ta kasa tsayawa a dutsen Budurwa. Ta sa aka buga ƙararrawar taro. Agusta ce, gari ya ɗan cika da 'yan hutu, har da wanda ba a zata ba. Eutimio ya zo, rabonsa da Valdeurz tun jana'izar uwarsu. Ƙarfe ya cinye masa huhu, yana dogara sanda, numfashinsa na fita da ƙara. Ɗansa Iñaki ne ya kawo shi, ƙato mai aikin lodi a tashar jiragen ruwa, furfura ta fara fito masa. 'Yan'uwan suka gaisa da ka, kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a kasuwa.

Nieves ba ta yi kwana-kwana ba. "A cire ƙarin. Zarto ɗaya ne, sandar ta koma yadda kakanni suka bar ta, kowane mai lafiya ya iya ɗauka. Bana mu hau da tutarmu."

Argimiro ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu. "Wanda zai sa mata zarto ya fara da wuyana."

"Haba Baba Argimiro, wa muke gasa da shi? Sotomera mujiya ke kwana a cocinsu."

"Ba ruwana da mujiya. Tutar Valdeurz ba ta gajarta ba da muna da yawa, ba za ta gajarta ba don mun ƙare."

'Yan hutu suka fara ɗaga hannu, kusan duka bayan Nieves suke. Sai Argimiro ya jawo abin da ya tanada.

"Ku sauke hannuwanku. A garin nan hayaƙi ke da murya. Gidan da bututunsa ke hayaƙi a Janairu shi ke zaɓe, gida ɗaya murya ɗaya. Haka muka tarar. Wanda ya zo shan iska ya sha iskarsa."

Gaskiya ya faɗa, al'adar ke nan tun kafin a gina cocin, kuma Nieves ta sani. Ta ce, "Hayaƙin nan fa bai cika yatsun hannu biyu ba, Baba."

"Sai a ƙirga abin da ke akwai."

Tsofaffin da suke kwana da sanyin Janairu ba su damu da tsawon sanda ba. Abin da ba sa so shi ne masu gajeren wando su zo daga birni su koya musu yadda ake zama a Valdeurz. Argimiro ya san haka, da shi ya yi lissafi. Suka ɗaga hannu a bayansa ɗaya bayan ɗaya, har Saturio, wanda ya ɗaga yana cewa, "Wauta ce, amma tamu ce." Zarto ya faɗi. Argimiro ya zauna yana jin abin da ya ji a garken Sotomera. Ya ci, tutar kuma za ta sake kwana a akwati.

Sai Iñaki ya yi gyaran murya. "To a bar ta yadda take. Zan ɗauka haka nan. Babana ya zo ganin tuta a tsaye, ba na jin zai ga wani Agustan."

"Kai mai sunan da ko waliyyai ba su san shi ba?" in ji Saturio. "Ba akwatin kifi ba ce fa."

"In na kasa ka hana ni giya, tsoho. Baffa, ka ara mini ɗamara?"

Idanu suka koma kan Argimiro. Ba yadda zai ƙi a gaban mutane. Ya gyaɗa kai. Nieves ta tambayi wa zai riƙe igiya, aka rasa mai karɓa, don waɗanda suka san iskar dutsen sun mutu ko sun manta. Eutimio ya tattara numfashi ya yi maganarsa ta farko a taron.

"Yaya ne ya san iskar nan. A ba shi."

Argimiro ya nemi idon ƙanen, amma Eutimio ƙasa yake kallo, yana zane da kan sandarsa.

A gida Ubaldina tana ɓarar wake, ba ta ɗago ba. "Na ji kai za ka riƙe igiya."

"Ni."

"Miro, cokali kake riƙewa miya na zuba. Ka bari a ɗaura igiya ta biyu, wani mai ƙarfi ya riƙe, kai ka riƙa faɗa masa."

Nieves ma ta kawo wannan shawara washegari, har da sunan mijinta. Argimiro ya ce igiyar Valdeurz hannu ɗaya ta sani. Ba haka ba ne, a zamanin Evencio an sha ɗaura biyu in iska ta yi yawa. Abin da yake so shi ne ya tsayar da tutar nan a kan ɗan Eutimio, a gaban Eutimio, da hannunsa shi kaɗai, a biya abin da bai taɓa yarda ana binsa ba. In wani ya taya shi, biyan ba nasa ba ne. Wannan karon ma tutar gari ce ya sa a caca don wata buƙata tasa, ya kuma sake kiran abin al'ada.

Suka yi ta gwaji a masussuka. Iñaki ba shi da fasaha amma yana da jiki, jikin Argimiro ne sak na lokacin ƙuruciya, kamar jini ya ɓace hanya ya fito a gidan da ba nasa ba. Argimiro yana yi masa tsawa, "Ƙugu, ba hannu ba! Kana rungumarta kamar matarka!" Iñaki yana dariya yana cewa, "Matata ba ta kai wannan taurin kai ba, Baffa."

Ranar biki da safe aka kafa tambarin a ƙofar ofis, wani jami'i daga lardi ya yi jawabi ya tafi. Aka fito da alharinin yana warin kafur. Maza suka tokare gindin sandar suka yi ta tura ta sama har ta miƙe, Iñaki ya karɓe ta a ƙugiya. Da jan ƙyallen ya buɗe a sama, wasu tsofaffin mata suka fashe da kuka, Saturio ya fyace hanci ya ce kafur ne.

Suka hau. Argimiro ya manta da bayansa. Yana tafe ta ɓangaren iska, idonsa a kan ganyaye, yana ja yana sassautawa, bai taɓa yin aikin igiya mai kyau irin na ranar ba. Tutocin sauran ƙauyuka sun ragu, waɗanda suka zo kuma duk ta Valdeurz ta kere su. Nieves ta kai Eutimio bisa a motarta, yana zaune a kan wani dutse daf da ƙofar ƙaramin cocin.

Layi ya zo kansu. Iñaki ya ware ƙafafu ya fara sunkuyar da tutar. Argimiro ya dubi mashigin dutse, ya ga ganyaye suna juya farin cikinsu, bishiya bayan bishiya, kamar ba a yi shekarun nan a tsakani ba. Ya kafa dugadugai, ya naɗa igiyar a hannu, ya ja tun iskar ba ta iso ba. Ta iso ta cika alharinin. Igiyar ta miƙe, ta yi ƙara, ta fara zamewa. Ya matse da duk abin da ya rage masa, ta ci gaba da gudu cikin yatsunsa tana tafiya da fatar tafinsa, har ƙarshenta ya fice.

Sandar ta karkata ta bugi katangar dutsen da ke gaban cocin, ta karye daidai kan zobban.

Ba wanda ya yi ba'a. Babu 'yan Sotomera da za su yi. Mutanen sauran ƙauyuka suka ruga suka tattara alharinin suna kaɗe masa ƙura a hankali, kamar masu ɗaga mara lafiya, wannan tausayin kuma ya fi ba'a zafi. Iñaki ya tashi yana duba gwiwar hannu. Wani ya dubi abin da ya rage na sandar ya ce ai lafiyarta lau, tsohon itacen ko tsagewa bai yi ba. Aka cire giciyen daga karyayyen ɓangaren, aka ɗaura shi da ƙyallen a kan tsohuwar sandar, mijin Nieves ya kama igiya. Tutar ta sake tashi, gajeriya, daidai da sauran. Iñaki ya ji rashin nauyinta a ƙugu har ya yi dariya. Ya gaida Budurwa lafiya, da ya miƙe sai ya saki hannu ɗaya, ya saki na biyu, ya ɗan taka, taku mara kyau irin na ɗan dako. Dutsen ya ɗauki tafi.

Argimiro ya ja ƙafa ya zauna a gefen dutsen da Eutimio yake, don babu wani wurin zama. Jini na ɗiga daga tafukansa a kan wandon biki. Eutimio ya zaro hankici ya miƙa masa, idonsa na kan ɗansa.

"Wannan karon ka ja a kan lokaci, Yaya. Na gani."

Argimiro ya naɗe hannu da shi.

Eutimio ya yi tari, ya jira numfashi ya dawo. "Wancan ma na gani."

Ana can ana busa da kiɗa. Argimiro ya buɗe baki, abin da ya saba fita shi ne ya fita. "Don Sotomera na yi ƙarin nan."

"Na sani," in ji Eutimio. "Sotomera."

Suka zauna har aka fara rabon burodi da giya.

Da la'asar, bayan mutane sun sauka, aka ga Argimiro yana jan karyayyen ƙarin a kan hanya, kai ɗaya a hammata, ɗayan yana zane a ƙasa. Ya jingine shi a garke inda ake rataye ɗamara. Ɗamarar ba ta koma wurin ba. Iñaki ya kawo ta, Argimiro ya ce masa ya tafi da ita, ya dai riƙa shafa mata kitse. Sandar tutar yanzu tana shiga coci, ƙugiyoyin bangon arewa suka zama wurin saukar tsuntsaye. Argimiro ya daina bin ta wajen. Ta ƙofar ofis yake zagayawa, inda tutar dutse take tsaye a tambari da doguwar sandarta, yadda mai zane ya gan ta a hoto. Yakan tsaya ya duba, ya wuce.

Eutimio ya rasu a Bilbao da kaka, can aka binne shi. Argimiro bai je ba, ya ce baya ne. Shi ma bai ga ƙarshen sanyin ba. Ubaldina ta same shi a kujerar bakin murhu da rana tsaka, tafukansa a buɗe bisa gwiwa, tabon igiya ya yi fari.

Bayan jana'iza dusar ƙanƙara ta rufe hanya, itacen girkin Ubaldina ya ƙare. Ta shiga garke da zarto. Ta sha wahala kafin ta raba ƙarin gunduwa-gunduwa, don itacen ya yi tauri kamar ƙashi, amma da ta sa a murhu ya ci a hankali, da zafi, ba ya saurin zama toka. Saturio ya ce daga mashaya yana hango hayaƙin gidan kwana da kwanaki, siriri, a miƙe. Da bazara 'yar ƙanwarta ta zo da mota ta tafi da ita León. A taron gari na gaba Nieves ta ƙirga hayaƙi, ta sake ƙirgawa, sannan ta fara magana a kan gyaran rufin coci.